Lafiya uwar jiki: Aman tsanwa ba ya jiran wayewar gari

Jinjiri ya yi tumbuɗin nono fari, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Amma in aman ya fito tsanwa shar kamar ruwan ganye, to, magana ta sake, domin alama ce ta toshewar hanji.

Ga yadda abin yake. Tun ɗan tayi yana da sati 6, hanjinsa yakan fita wajen cibiya ya yi tsawo, sa'an nan wajen sati na 10 ya koma ciki yana juyawa, har ko wane sashe ya sami mazauninsa ya kafu. Wani yaron juyawar ba ta cika ba, sai hanjin ya rataye a kan siririn gindi guda. Rana ɗaya ya murɗe kamar an matse rigar wanki, ya shaƙe jijiyar da ke ba shi jini. Cikin ƴan awowi hanji na iya mutuwa. Galibi abin yana bayyana cikin watan farko na haihuwa.

Maganinsa fiɗa ce. A shekarar 1936 wani likitan Amurka, William Ladd, ya bayyana aikin da ake yi har yau: a warware murɗin, a yanke zaruruwan da suka danne hanji, a faɗaɗa gindinsa.

Sai dai fiɗa ba ta rufe zancen. In an makara, tilas a yanke sashen da ya mutu, wani lokacin abin da ya rage ba ya isa tsotse abinci, yaro ya yi ta zawo yana ramewa. Tabon cikin ciki kuma yana iya manne hanji ya toshe shi bayan watanni ko shekaru. Can ba a rasa ba, hanjin ya sake murɗewa, ko wani ruwa mai kama da nono ya taru a ciki.

Saboda haka yaron da aka taɓa yi ma fiɗa, in cikinsa ya kumbura, ko ya yi aman tsanwa, ko kashi da jini, a koma da shi asibiti nan take, da takardunsa a hannu. Jiƙo da tsagar wanzami ba su warware murɗi. Uban da ke fatauci ko rangadi ya bar izini da kuɗin mota a gida, domin daga ƙauye zuwa Maraɗi, Damagaram ko Yamai, tafiyar kanta tana cin awowin da jinjiri ba ya da su.