RA'AYINMU: Akwai Arziki A Bola, Amma Da Sharaɗi

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Ɗan Agundi da sassafe ba zai rasa ganin yaran nan 'yan jari-bola ba, buhu a kafaɗa ko kura a gaba, ɗauke da mataccen rediyo, da karyayyar fanka, da tsohuwar talabijin. Yawancinmu mukan toshe hanci mu wuce. Mu kuwa muna ganin lokaci ya yi da Ikilisiya za ta leƙa cikin buhun nan.

A Yohanna sura 6, bayan Ubangijinmu ya ciyar da mutum dubu biyar, ya sa almajiransa suka tattara ragowar, har ta cika kwando 12. Wanda ke da ikon yawaita gurasa bai yarda da almubazzaranci ba. To, ina dalilinmu, mu da ba mu da wannan iko? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, kuma abin da aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Abin da muke cewa ya mutu, sau da yawa sashe ɗaya ne kawai ya lalace. Rediyon da ya yi shiru, lasifikarsa da maganaɗisunta suna nan lafiya. A cikin na'urar DVD akwai ƙananan motoci da yaro zai haɗa 'yar fanka da su. Batirin kwamfutar tafi-da-gidanka yakan ƙi caji saboda ƙwaya ɗaya ko biyu, alhali sauran, masu bolt 3.7 kowace, suna iya kunna fitilar karatu. Fankar silin da ta rage gudu kuwa, galibi kafasita kaɗai take bukata. Mun kuma tuna fitilar nan ta faifan CD da batir da ta haska gidajen talakawa lokacin da wuta ta yi wuya.

Kada a raina wannan basira. A 2007, wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda Civic da tarkacen motoci, har ya ɗan tashi daga ƙasa. A Malawi ma, William Kamkwamba yana ɗan shekara 14 ya kawo wa gidansu wuta da injin iska da ya ƙera daga sassan keke da kayan bola. Hikimar hannu baiwa ce daga Allah, kamar yadda Fitowa sura 31 ta nuna game da Bezalel.

Amma fa akwai sharaɗi biyu. Na farko, lafiya. Ƙona waya domin a ciro jan ƙarfe yana fitar da hayaƙi mai guba, kuma hayaƙi ba ya tambayar yaro ko majami'a yake zuwa ko masallaci. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya yana ɗauke da dalma, kuma takan riƙe wuta ko bayan an zare ta daga soket. Batirin da ya kumbura, in aka huda shi, yakan kama da wuta. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400. Dalmar bola da ta ma'adinai duk ɗaya ce a jinin yaro.

Na biyu, gaskiya. Dab da Ƙofar Ɗan Agundi akwai babbar tashar rarraba wutar lantarki. Duk wayar da aka yanke daga taransifomar unguwa, dukiyar jama'a aka sace, aka jefa marasa lafiya da masu sana'a cikin duhu. Mai bi da ya saya da arha, ya kuma ƙi tambayar asalinta, ya zama ɓarawon zaune, komai yawan zakar da yake kawowa.

Saboda haka muna kira ga fastoci da dattawa da su ware kusurwa ɗaya a harabar majami'a, inda membobi za su riƙa kawo kayan da suka lalace. A nemi masu gyara daga cikinmu su koya wa matasa, maza da mata, aiki da mita da filaya da ƙarfen liƙi kowace Asabar, a sarari mai iska, ba ƙonawa, ba fasa gilashi. Zumuntar Mata ta sa ido kada a yi wannan aiki kusa da wurin girki ko jarirai. A kuma buɗe ƙofa ga yaran maƙwabtanmu, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon amana. Amin.