Digiri a bakin aiki: maganar da ta haɗa ni da yayana

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri a karanta, musamman iyayen da ke zaune a nan Ingila da yaran da ke gab da gama sakandare.

Kwanakin baya yayana ya kira ni daga Kano. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Wai me nake ji? An ce yarinyar nan ta samu gurbi a jami'a, ka bar ta za ta tafi koyon sana'a?" Na ce, "Yaya, ba haka maganar take ba." Ya ce, "To yaya take? Duk sanyin da ka sha a ƙasar nan, ƙarshenta 'yarka ta zama yarinyar shago?"

Wallahi ban ga laifinsa ba, don ni ma ranar da ta fara kawo mini maganar haka na ji. Mu a wurinmu koyon sana'a na wanda boko ya gagara ne: a kai shi gareji, ko wajen tela, ko a haɗa shi da wani Alhaji a Kantin Kwari. Sai da na zauna da takarda da biro na yi lissafi kafin na sauko. Lissafin nan nake so in baje muku.

Ga yadda abin yake. Tun 2015 gwamnati ta fito da wani tsari a Ingila da kamfani zai ɗauki matashi aiki sosai, da albashi da hutu da komai, a lokaci guda kuma yana karatun digiri a wata jami'a da kamfanin ya haɗa kai da ita. Galibi kwana huɗu a ofis, kwana ɗaya na karatu, ko kuma a tara ranakun a tura shi aji na wasu makonni. Yana ɗaukar shekara 3 zuwa 6. Kuɗin makaranta kuwa ko sisi yaro ba ya biya. Daga ina kuɗin ke fitowa? Tun Afrilun 2017 duk kamfanin da albashin ma'aikatansa ya haura fam miliyan 3 a shekara yana biyan harajin kashi 0.5 cikin ɗari na wannan albashi, daga asusun nan ake biyan kuɗin horon. Kun ga ke nan ba sadaka kamfani yake yi ba, kuɗinsa ne da aka riga aka cire yake ƙoƙarin cin moriyarsu. Shi ya sa manyan kamfanonin akanta irin su PwC, Deloitte, EY da KPMG, da bankuna irin su Barclays, Lloyds da HSBC, duk suke ɗaukar yara kai tsaye daga A-level.

To mu duba ɗaya hanyar. A zangon karatu na 2025/26 kuɗin jami'a a Ingila fam 9,535 ne a shekara. Shekara uku ke nan fam 28,605, ban da haya, ban da abinci. Yawancin yara bashin gwamnati suke ci. Waɗanda suka shiga daga Agustan 2023, da zarar albashinsu ya wuce fam 25,000 za a riƙa cire kashi 9 cikin ɗari na abin da ya ɗoru a kai, kuma ba a yafe ragowar sai bayan shekara 40. Don a yi adalci, ba irin bashin da za a zo a kwashe maka kaya ba ne. Mai albashin fam 30,000 fam 450 kawai zai biya a shekara. Amma shekara 40 fa! Yarinyar da ta gama tana da 21 za ta iya kaiwa 60 ana yankar albashinta.

Sannan ga abin da ya fi damun da yawa daga cikinmu: bashin nan da ruwa a kansa. Tun 2013 David Cameron, lokacin yana firaminista, ya yi alkawarin za a samar wa ɗalibai Musulmi tsarin da babu ruwa. Sama da shekara goma ke nan ana ta jira. Gidaje nawa muka sani da aka kwana ana muhawara, yaro ya ci bashin ko ya haƙura da karatun? Ga hanyar da ta kauce wa tambayar baki ɗaya, amma mun ɗauke kai saboda sunanta bai yi mana daɗin ji ba.

Ra'ayina ke nan a taƙaice: a harkar kuɗi da akanta, yaron da ya san abin da yake so, wannan hanya ba ta gaza jami'a ba, sau da yawa ma ta fi ta. Wanda ya gama jami'a zai fito neman aiki a ce masa ina gogewarka. Abokinsa da ya bi ta ofis ya riga ya shekara uku ko huɗu yana duba littattafan kamfanoni, ya san yadda ake rufe lissafin wata, ya san yadda ake magana da manaja, ga ɗan abin da ya tara a asusu. Aikin akanta dama da hannu ake koyonsa. Ko a gida Nijeriya, ICAN tana da matakin ATS da mai shaidar sakandare zai bi har ya zama cikakken akanta.

Amma kada in yi muku tallan maganin a-sha-yanzu-magani-yanzu. Akwai abubuwan da sai an buɗe ido.

Na farko, shigar ba wasa ba ce. Guraben kaɗan ne, masu nema kuwa tuli. Akwai gwaji ta intanet, da hira ta bidiyo, da ranar da za a tara su a ga yadda kowa ke aiki cikin jama'a. 'Yata wurare da dama suka ƙi ta kafin ɗaya ya karɓa, har kuka ta yi. Manyan kamfanonin kuma tun kaka suke buɗe neman, kusan shekara guda kafin a fara aiki. Wanda ya jira sakamakon jarrabawa ya fito a Agusta ya makara. Abin daɗin shi ne ba a hana yaro neman jami'a ta UCAS a lokaci guda ba. A nemi duka biyun, a zaɓa daga baya.

Na biyu, a karanta takardar da kyau. Ba kowane shiri ne ke ƙarewa da digirin jami'a ba. A ɓangaren akanta wasu shaidar ƙwararru suke bayarwa, kamar ACA ko ACCA ko CIMA. Shaida ce mai nauyi ƙwarai, amma in burin yaro shi ne kwalin jami'a, to ya tambaya tun kafin ya sa hannu. Ya kuma tambaya me zai faru in ya faɗi jarrabawa, don wasu kamfanonin ba sa haƙuri da faɗuwa sau biyu. Haka nan daga Janairun 2026 gwamnati ta taƙaita tallafin mataki na 7, wato wanda ya yi daidai da digiri na biyu, ga waɗanda ba su kai shekara 22 ba in ban da 'yan tsiraru. Wato damar ta fi buɗewa ga yaran da suka fito daga sakandare yanzu.

Na uku, akwai gajiya. Ɗan shekara 18 zai tashi da asuba ya kama jirgin ƙasa, ya dawo da dare ya buɗe littafi. Babu dogon hutun bazara, balle a tafi gida a yi wata biyu wajen kakanni. Masu binciken lissafi aiki ya fi yi musu yawa daga Janairu zuwa Maris, kuma a 'yan shekarun nan azumi a wannan tsakanin yake faɗowa. Sannan jami'a tana ba yaro sararin canza ra'ayi. Wanda bai tabbatar da abin da yake so ba, ko mai son likitanci ko zurfafa bincike, a bar shi ya tafi jami'arsa.

Na huɗu, kada mu gudu daga ruwan bashi mu manta da irin aikin da za a yi. Harkar kuɗi faɗi gare ta: akwai akanta, akwai binciken lissafi, akwai haraji, akwai teburin bayar da rance. Kowa ya zauna da malamin da ya yarda da shi ya tambaya. Mu mun yi, ita ta zaɓi ɓangaren akanta.

Ga 'yan uwa na gida kuma, don Allah a kula. Wannan ba hanyar fita waje ba ce. Sai mai izinin aiki a ƙasar, kuma a ƙa'ida wanda ya shekara uku yana zaune a cikinta. Duk dillalin da ya ce ka kawo kuɗi zai samo maka, ka riƙe aljihunka.

Da na gama zayyana wa yayana duk wannan sai ya yi shiru, can ya ce, "To ai irin namu ne na kasuwa, sai dai su sun haɗa da takarda." Na ce haka ne, Yaya. Shi kansa shekara bakwai ya yi a shagon ubangidansa kafin a sallame shi da jari, kuma da kuɗin shagon nan aka biya mini makaranta. Na tuna masa, ya yi dariya ya ce in ba shi ita. Ina ji tana cewa, "Baffa, a yi mini addu'a," shi kuma yana ta sa mata albarka.

A watan Satumba za ta fara, in sha Allahu. Ko za ta jure, Allah ne masani, kuma ba zan ɓoye muku ba ina da fargabata irin ta uba. Roƙona ga iyaye shi ne, in yaro ya zo da wannan magana kada a hantare shi saboda abin da dangi za su ce. A zauna da shi a yi lissafi tukuna.

Wanda ɗansa ya bi wannan hanya ya gaya mana yadda ta kaya, mai daɗi da marar daɗi, mu ƙaru. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su abin yi na halal.