Hoto Ma Yare Ne, Sai An Koya

Kamfanoni sun daɗe suna ruɗin mu da cewa hoto yaren kowa ne. Kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin ya yi suna wajen takardar harhaɗa kayan ɗaki wadda kusan babu rubutu a cikinta, sai zane da kibiyoyi. Takarda ɗaya ta zaga duniya, kuɗin tafinta ya tsira. Wannan dabarar ciniki ce, kada a ce mana tausayin wanda bai yi boko ba ne.

An ce gani ya kori ji, amma ido ba ya karanta abin da ba a koya masa ba. Jera hoto uku: mara lafiya, shan magani, samun sauƙi. Ɗan boko zai faro daga hagu. Wanda ya tashi da allo da ajami hannun dama ya saba farowa, sai ya ga lafiyayye ya sha magani ya kwanta.

Idan kuskuren a ƙafar tebur ya tsaya, da sauƙi, a kwance a sake ɗaurawa. Amma a 1971 an shigar da irin alkama da sha'ir ƙasar Iraƙi, an cuɗa shi da maganin da ke ɗauke da sinadarin makuri. Gargaɗin buhunan da Turanci da Sifaniyanci aka rubuta, wasu da zanen ƙoƙon kai da ƙasusuwa a gicciye. Manoma ba su san wannan alama ba. Suka wanke jan launin da aka rina irin da shi, suka niƙa, suka yi gurasa. Alƙaluman hukuma sun ce an kwantar da mutum 6,530 a asibiti, 459 suka rasu.

Irin wannan alama ce ke kan kwalbar maganin feshin da manomanmu ke saya a kasuwar ƙauye. Wa ya taɓa zaunar da su ya tambayi abin da suka fahimta?

Ba mu ce a daina zane ba. Mun ce kafin a buga shi, a kai wa waɗanda za su yi amfani da shi su faɗi abin da suka gani. Duk inda rai ke cikin haɗari kuwa, a haɗa da rubutu cikin yaren mai saye, boko da ajami. Kamfanin da ya iya kawo kaya har ƙofar gidanmu ba zai gaza biyan tafinta ba.