Hoton aro ba ya rufe katara: magana ga masu neman suna da Sabon Birni da Isa

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda ke sauri ya wuce, ya dawo in ya samu sarari. Na kuma san akwai abokaina da maganar za ta sosa wa rai. Ku yi haƙuri, ba sunan kowa zan kama ba.

Tun da matsalar 'yan bindiga ta sa sunan Sabon Birni da Isa ya shiga bakin duniya, wata sabuwar sana'a ta ɓullo. Ka leƙa LinkedIn ka gani. Ga wanda bai san shi ba, dandali ne da ma'aikata da 'yan kwangila da masu neman aiki ke baje takardunsu, kuma nan ne ƙungiyoyin ƙasashen waje kan fara duba mutum kafin su ba shi aiki ko tallafi. To a nan za ka ga wane ya rubuta shi ƙwararre ne kan sasanta rikici a gabashin Sakkwato, wance ta ce ita ke kula da marayun Gobir, wata ƙungiya ta ce ta gina famfuna a ƙauyukan Isa. Madalla, muna son a yi. Amma ka dubi hotunan da suke jerawa a ƙarƙashin maganar. Yara cikin kayan makaranta fes suna dariya a bakin famfo, bayansu duwatsu kore shar da itatuwan ayaba. Dan Allah a wane gari na ƙasar Isa ake da ayaba a gindin tsauni? Mu da muka tashi tsakanin gawo da aduwa da goriba, da fadamar gulbin Rima, da rumbunan gero, ai kallo ɗaya ya ishe mu.

Hotunan nan daga rumbunan intanet ake ɗebo su. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Getty Images da Shutterstock masu sayarwa, da Unsplash da Pexels masu bayarwa kyauta. Ka rubuta musu da Turanci kana son hoton yaran Afirka suna ɗiban ruwa, nan take su jero maka ɗaruruwa, daga Kenya, daga Yuganda, daga Malawi. Ba haramun ba ne amfani da su, don haka aka yi su. Mai shago na iya sa hoton kwamfuta a allonsa, malami na iya sa hoton littattafai a saman shafinsa, babu wanda aka yaudara. Inda take ɓaci shi ne ranar da ka ɗora hoton famfon Kenya ka rubuta a ƙasa "aikinmu a Gatawa". A nan hoto ya tashi daga ado ya koma shaida, kuma shaidar zur ce.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, rahotanni na ratsawa ta teburina. Akwai wanda ya zo daga wata ƙungiya, an buga shi a takarda mai sheƙi, yana bayanin ajujuwan da aka gyara a yankinmu. A ɗaya daga cikin hotunan akwai titi a gefen makarantar, motoci na tafiya ta hannun hagu. Najeriya ta bar tuƙi ta hagu tun 1972. Da na nuna wa wanda ya kawo, sai ya yi dariya ya ce ai hoton misali ne kawai, don rahoton ya yi kyau. Na ce to ina aka rubuta misali ne? Shiru. Ina hoton ajin na gaskiya? Wai hanya ba ta biyuwa. In hanya ba ta biyu ga mai waya ba, ta yaya ta biyu ga motar siminti?

Kada ma a ce ƙananan ƙungiyoyi ne kaɗai. A 2018 wata hadimar shugaban ƙasa ta wallafa hoton aikin titi ta ce hanyar Nasarawa zuwa Jos ce, masu bincike suka gano hoton daga Ruwanda yake, sai da ta fito ta ba da haƙuri. In na sama sun yi, na ƙasa za su ɗauka haka ake yi.

Amma wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mani rai shi ne hotunan gawa.

Mu a yankin nan ba mu da ƙarancin bala'i da za mu je aro. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum sama da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, ciki har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. A Oktoba 2021 an buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum sama da 40 suka tafi. A Disamba na wannan shekarar aka tare motar matafiya a Gidan Bawa aka cinna mata wuta da mutane a ciki, 'yan sanda da bakinsu suka ce 23. A Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, bayan duk ƙasar nan ta ga bidiyonsa yana roƙo. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya, Ya sa sun huta. Tun 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka jihar Maraɗi suna zaman gudun hijira. Wanne daga cikin waɗannan ke buƙatar ƙari?

Duk da haka, da zarar an ce an kai hari, kafin a gama haƙa kaburbura, hotuna sun cika waya. Wasu na gaske ne. Wasu kuwa mun shekara biyar muna ganin su, yau a ce Zamfara ne, gobe a ce Birnin Gwari, jibi a ce Tsamaye. Mai ɗorawa zai ce maka niyyarsa mai kyau ce, yana son duniya ta ji kukanmu. Na yarda da niyyar. Amma bari mu bi abin da ke faruwa bayan ya latsa.

Yanzu akwai masu aikin tantance labarai, irin su Dubawa da Africa Check da sashen bincike na AFP. Aikinsu ke nan, su ɗauki hoto su bi sawunsa. Cikin minti kaɗan za su gano hoton na wata ƙasa ne, su buga da manyan haruffa cewa ƙarya ne. Mutumin Abuja ko Legas da bai taɓa jin sunan Unguwar Lalle ba, me zai riƙe? Ba zai riƙe cewa hoton ne kaɗai na ƙarya ba. Zai riƙe cewa labarin kisan Sabon Birni an ƙaryata shi. Jami'in da dama yake neman hanyar cewa ana zuzuta abin, ka ba shi sanda da hannunka. Matar da aka kashe mijinta da gaske ta zama mai ƙarya a idon duniya saboda wani ya ga post ɗinsa ba zai yi armashi ba sai da jini. Kuma ranar da shaida ta gaskiya ta fito, irin bidiyon marigayi Sarki, ba mu son a tsaya ana tambayar anya.

Ba yau aka fara ba, kuma an ga inda take kaiwa. A Yuli 2010 wata tankar mai ta fashe a garin Sange na ƙasar Kwango, mutum sama da 200 suka ƙone. Hotunan gawawwakin nan sun yi shekaru suna yawo a intanet da sunan Kiristocin da Musulmi suka ƙona a Najeriya. A 2014, lokacin gangamin 'yan matan Chibok, hoton da ya fi yawo na wata yarinya ce 'yar Gini Bisau, wanda wata mai ɗaukar hoto Ba'amurkiya, Ami Vitale, ta ɗauka shekaru kafin nan kan wani batu daban. Ita kanta sai da ta fito tana roƙon a daina. Mafi muni shi ne na Filato a Yuni 2018. Binciken da BBC ta fitar a ƙarshen shekarar ya nuna yadda hotunan da aka yaɗa a Facebook, har da bidiyon da aka ɗauka a Kwango Brazabil tun 2012, suka tunzura matasa suka tare hanya, aka ciro mutum 11 daga motoci aka kashe. Mu da muke zaune Gobirawa da Fulani da Buzaye kasuwa ɗaya, ga 'yan sa-kai da bindiga a hannu, ga zukata cike, wa ke son a gwada irin wannan a nan?

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba duka ce ta banza ba. Za a ce ɗaukar hoto a ƙauyukan nan sayar da rai ne. Gaskiya ne. Za a ce akwai lokacin da ma babu sabis, kamar a Satumba 2021 da aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan har da namu. Shi ma gaskiya ne. Za a ce rubutu ba hoto ba ya tafiya, mutane wucewa suke. To, ya wuce. Rashin hoto gaskiya ba ya halatta na ƙarya, kamar yadda rashin shaida a kotu ba ya halatta ka yi hayar wani a tasha. Ka rubuta sunan garin, da ranar, da adadin da aka yi wa sallah, da wanda ya gaya maka in faɗin sunansa ba zai cutar da shi ba. Ɗan jarida na ƙwarai wannan yake nema, ba hoton da zai sa editansa ya jefar da labarin ba. In dole sai ka sa wani abu, ka sa taswira, ko allon shiga gari, ko baƙin fili kawai. In kuma hoton rumbu ka ɗauko, ka rubuta ɓaro-ɓaro a jikinsa cewa hoton misali ne, ba a can ƙasa da ƙananan haruffa ba, domin mai kwafa hoton yake ɗauka ya bar bayanin.

Wani abu kuma, kada a ɗauka ina cewa a riƙa watsa duk hoton da yake na gaske. A'a. Gawar musulmi tana da alfarma, kuma tana da 'ya'ya masu waya. Sannan mutanen dajin nan su ma suna Facebook, suna TikTok. Ka ɗora fuskar mai gari yana ba jami'ai bayani, ko ɗan sa-kai a bakin shingensa, kai kana kwance a Sakkwato ko Kaduna, shi ka bar shi da su. Na ga masu ƙungiyoyi suna jera fuskokin matan da aka sako daga daji a shafinsu na LinkedIn don masu ba da tallafi su gani. Wa ya tambaye su? Talauci ba ya zama izini. Hoton gaskiya na da wurin zuwa: hannun lauya, ko ɗan jaridar da ka amince da shi, ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. In za ka tura ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, domin in ka tura shi yadda aka saba, bayanan rana da na'urar da ke ɓoye a cikinsa gogewa suke.

Ga ƙannenmu masu neman aiki da gaske, waɗanda suka gama digiri a Jami'ar Ɗanfodiyo ko ta jiha suna buɗe LinkedIn, shawarata gajera ce. Hoton fuska ya zama naka. Ka tsaya jikin bango mai tsabta da safe, haske na dukan fuskarka, ƙaninka ya ɗauke ka da waya. Hularka da kaftaninka sun isa, askar Gobir in kana da ita ba abin ɓoyewa ba ce. Ka bar hoton Bature cikin kwat yana musabaha a ofishin gilashi, ka bar wanda manhajar ƙirƙirarriyar basira ta gyara har mahaifiyarka ba za ta gane ka ba. Mai ɗaukar aiki ya ga irin waɗannan sau dubu. Abin da bai gani ba shi ne matashin da ya san hanyar Isa zuwa Shinkafi, ya san wace rana kasuwa ke ci, ya san da wa ake magana kafin a shiga gari. In ka koyar a sansanin 'yan gudun hijira, hoton allon da ka rubuta a kai ya fi na yaran Malawi daraja, ko da ƙura a jikinsa. Kuma ka sani hotunan Getty da Shutterstock dukiyar mutane ce, wanda ya kwafa da tambarinsu a jiki ya sa a shafin neman aiki, ya riga ya gaya wa mai dubawa irin riƙon amanarsa.

Tantancewar ma ba wuya. Google Lens na cikin yawancin wayoyinmu, akwai kuma TinEye. Ka ɗora hoton, su nuna maka inda ya taɓa fitowa da shekarar. Bai kai lokacin shan shayi ɗaya ba.

Daga yau, duk wanda na ga ya sa hoton aro da sunan wani gari na Sabon Birni ko Isa, zan fara yi masa magana ta akwatin saƙo. In ya cire ko ya rubuta misali ne, magana ta ƙare tsakaninmu. In ya bari, zan ajiye asalin hoton a ƙarƙashin rubutunsa kowa ya gani, ko ɗan wace jam'iyya ne, ko abokina ne tun firamare.