Talo-talon Dajin Amurka Da Takardar Gwajin Bindiga

Mafi yawan masu karatu a tsakar gida suka san talo-talo, yana baza wutsiya yana jan fiffike a ƙasa, ba ya gusawa sai an kore shi. Ɗan'uwansa na dajin Amurka kuwa, ko da yake jinsinsu ɗaya, halinsa dabam ne, ga kaifin ido, ga gudu, ga tashi sama in ta ƙure. A shekarun 1930 saura ƙiris ya ƙare saboda saran dazuzzuka da harbin babu ƙaidi. Dokar Pittman-Robertson ta 1937, wadda ta keɓe harajin bindigogi da harsasai domin kula da namun daji, da kuma aikin kama tsuntsayen da raga ana kai su wuraren da suka ɓace, su ne suka farfaɗo da shi. Yau ana farautarsa a jihohi 49, ban da Alaska.

Babbar farautar daga Maris zuwa Mayu ake yinta, lokacin barbara, kuma galibi mai gemu kaɗai doka ta yarda a harba, watau namijin. Maharbi yakan jingina da gindin itace yana kwaikwayon kukan mace har zakaran ya biyo murya. Bindigar da ake riƙewa irin mai watsa ƙwayoyin dalma ce, kuma ba ƙirji ake auna ba, domin gashi da ƙasusuwan fiffike suna tare ƙwayoyin. Kai da wuya ake nema, wuri ɗan siriri wanda ba ya tsayawa cik. In ƙwayoyin suka yi ƙaranci a nan, tsuntsun ya tafi da rauni ke nan ya mutu a cikin sarƙaƙiya, babu mai cin namansa sai dila.

Dalilin gwaji ke nan. Kafin ranar fita, maharbi yakan kafa babbar takarda a nisan yadi 40, ya ɗora bindiga kan abin da ba ya motsi, ya harba. Sa'an nan ya zana da'ira mai faɗin inci 10 a inda hujoji suka fi cinkoso, ya zauna ya ƙidaya su ɗai-ɗai. Abin da yawancinsu suka ɗauka ma'auni shi ne huji 100 a cikin da'irar. Nisan da adadin ya fara kasawa, nan ne iyakar wannan bindiga. Takardar har ila yau tana tona wani asiri, domin bindigogi da yawa ba sa zuba ƙwayoyinsu daidai inda ido ya auna, wata ta yi sama, wata ta karkata hagu. Harbi ɗaya kuwa ba ya isa shaida, sai an maimaita.

Abin da ke tattara ƙwayoyin shi ne maƙurar da ke bakin bututu, dabarar da W. R. Pape na Ingila ya yi wa rajista a 1866. Bututun bindiga lamba 12 faɗinsa kamar inci 0.729 ne, maƙurar talo-talo kuwa takan matse shi zuwa wajen 0.665. Sai dai matsi in ya yi yawa yakan lanƙwasa dalma, ta fita a warwatse. Daɗin daɗawa, in zakaran ya matso yadi 15, ƙwayoyin ba su riga sun buɗe ba, dunƙulensu bai fi girman babban lemo ba, kaɗa kai ɗaya ya isa a kuskure shi. Ba kaɗan ba ne maharban da suka yi asarar tsuntsu ta wannan hanya, alhali sun kashe kuɗi ne domin harbin nesa.

Game da ƙwayoyin, tsohon zaɓi shi ne dalma lamba 4, 5 ko 6. Oza ɗaya ta lamba 4 tana da ƙwaya kamar 135, ta lamba 6 kamar 225, watau mai girma ta fi ratsawa, ƙarama ta fi cika takarda. Wannan tsohuwar gardama ta kwanta sa'ad da aka shigo da ƙwayoyin tangistin da ake kira TSS, waɗanda kamfanin Federal ya fara sayarwa a 2018. Ma'adinin wannan ƙarfe, af, akwai shi tare da kuza a duwatsun Riruwai ta Jihar Kano. Nauyinsa giram 18 ne a inda dalma take da 11 da 'yan kai, saboda haka ƙwaya lamba 9, mai kusan 360 a oza, tana ratsawa kamar dalma lamba 5. Har ƙaramar bindiga .410, wadda dā ake bar wa yara, ta shiga sahu. Jihar Kalifoniya kuma ta hana farauta da dalma gaba ɗaya tun Yulin 2019.

Amma tsadarsa ta kai mutum ya yi tunani kafin ya ƙona guda biyar a kan takarda, kuma a nan ɓarnar take. Wanda bai gwada ba sai ya dogara da abin da aka rubuta a kwali, ya harba daga yadi 60 ko 70, inda kuskuren kimanta nisa da 'yar iska suka isa su mai da kisa rauni. Gwanintar wannan farauta a kira take, a jawo zakaran kusa har a ga ƙiftawar idonsa. Harbin nesa kuma yana da wani haɗari, tun da a dajin akwai waɗansu maharban a ɓoye suna kukan talo-talo. Shi ya sa hukumomin farauta suke gargaɗin kada a sa tufa ja, fara ko shuɗiya, domin launukan kan zakaran ke nan.