Tsohuwar A-kori-kura: Kada A Bar Jaki A Doki Taiki

Kaka ta yi, amfanin gona ya zo gida, saura kai shi kasuwa. A wannan lokaci ne tsohuwar a-kori-kura ta ke ɗauke da gida guda, wani wurin ma ƙauye guda. A wannan lokaci ne kuma ta kan tsiro da wani hali mai raba manomi da kuɗin hatsinsa. In an tsaya, inji ya dinga rawar ɗari, ya kasa riƙe abin da direbobi ke kira silo, har ya kan mutu a bakin mararraba. In an hau hanya kuwa, giya ta ƙi canzawa sai an daɗe ana gunji, sa'an nan ta shiga da ƙarfi kamar an bangaje motar ta baya, ko kuwa ta riƙa kai da kawowa tsakanin ta uku da ta huɗu a kan miƙaƙƙiyar hanya.

Mai mota ya garzaya gareji. Kafin ya gama bayani an yanke hukunci: wai giyabos ya tafi, sai a sauke shi, ko a sayo na Kwatano. To, a nan ɓarnar ta ke. Galibi in cututtukan nan biyu suka zo tare, ba giyabos ne tushensu ba.

Ga dalili. Waɗanda suka saba da Peugeot 404 da 504, irin waɗanda aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, sun san giyar hannu. Direba ne ke jin nauyin kaya da hawan tudu, ya taka kuloci ya canza. Amma motocin fetur masu giyar otomatik, kamar Toyota Tacoma da Nissan Frontier da Ford Ranger da a ke shigowa da su gwanjo daga Amurka, giyarsu ba ta da ido ba ta da kunne. Iyakar abin da ta sani shi ne abin da aka gaya mata: yaya aka taka totur, wane gudu a ke yi, inji ya yi zafi ko bai yi ba. A tsofaffi ƙwarai, labarin ya kan zo ta wata wayar ƙarfe daga totur, ko ta wani siririn tiyo mai zuƙar iska. A na bayansu kuwa, waɗansu ƙananan na'urori ne da a ke kira sensa ke aika wa ƙwaƙwalwar motar, ita kuma ta auna wa inji mai, ta gaya wa giya lokacin canzawa. Watau ɗan aike ɗaya ne ke kai saƙo gida biyu. In ya yi ƙarya, gidajen nan biyu duk sai su rikice.

Babban maƙaryaci a cikinsu shi ne sensan da ke manne a maƙogwaron totur. In totur na rufe ya kan ba da wuta kamar rabin volt, ta riƙa hawa sannu sannu har wajen volt 4 ko 4.5 in an taka duka. A cikinsa akwai wani ɗan harshe da ke goga wata hanya ta gawayi. Bayan shekara 20 ana gogawa, daidai wurin da ƙafar direba ta fi zama shi ne ke cinyewa. Daga nan sai wutar ta riƙa tsalle. Ƙafar direba tana wuri ɗaya, amma ƙwaƙwalwa tana jin an taka, an saki, an taka. Me giya za ta yi ban da ta bi umurni? Mai gyaran wuta da ya iya mita zai gane wannan cikin minti goma, ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ta giyabos ba. A murɗa makulli ba a ta da inji ba, a taka totur a hankali, a zuba wa mita ido.

Sai ƙura, abokiyar zaman motar ƙauye. Iskar da inji ke shaƙa ana auna ta da wata siririyar waya da ke bayan matacin iska. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin masussuka in suka lulluɓe ta, awo ya ɓaci. Akwai maganin fesawa na musamman domin wanke ta, amma kada a taɓa ta da tsumma ko tsinke. Haka kuma babban tiyon roba da ke tsakanin mataci da totur ya kan tsage saboda zafi da tsufa, iskar da ba a auna ba ta shiga ta ɓarauniyar hanya. Mai kunne ya kan ji tana huci in inji na silo. Dauɗar da ke taruwa a maƙogwaron totur, da fulogin da ya ci zamaninsa, da gurɓataccen man gefen hanya, duk su kan sa inji tuntuɓe, direba kuwa ya rantse giya ce ke fizga.

Akwai wata al'ada da ya kamata a yi wa magana da babbar murya, ita ce cire tamostat, wato ƙofar nan da ke tare ruwan lagireto har inji ya yi ɗumi. A yawancin Toyota tana buɗewa a wajen digiri 82. Da mota ta iso, sai a cire ta a yar, wai ta ƙasar sanyi ce. Ran da aka yi sammako cikin hunturu, inji ya daɗe bai yi zafi ba, ƙwaƙwalwa ta yi ta zuba masa mai kamar yanzu aka tashe shi, ta kuma hana giyar ƙarshe shiga, gama haka aka tsara ta. Mota lafiyayya, an mai da ita majinyaciya da hannu. Batir mai rauni da wayar da ta yi tsatsa a jikin bodi su ma su kan ruɗa ƙwaƙwalwar. Batir mai lafiya ya kan nuna volt 12.6 a kashe, wajen 14 in inji na aiki.

Ba a ce giyabos ba ya lalacewa ba. Yana yi, musamman a hannun mai ɗora buhu goma sha biyar na kilo 100 a kan motar da ko tan ɗaya ba a yi ta domin ta ɗauka ba, ya nufi Dawanau da tsakar rana. Amma shi ma yana da shaidunsa, kuma duba su kyauta ne. A tsai da mota a wuri mai daidai, inji da zafinsa yana aiki, giya tana kan P, a zaro gejin man giya in motar tana da shi. Mai lafiya ja ne garau. In ya yi ƙasa, giya za ta yi jinkiri ta yi santsi. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, faifan ciki sun soma ƙonewa. In ya yi kauri ya koma kamar an zuba madara, ruwan lagireto ne ya shiga, kada motar ta ƙara taku ɗaya. Kowace mota kuma da irin man da aka rubuta mata, ba duk jan mai ne ɗaya ba. Wani gwajin mai sauƙi: in an sa giya a N inji bai bar rawa ba, to, a nemi cutar wajen inji tukuna.

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 zuwa yanzu duk suna da wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. In an jona ƙaramar kwamfuta, motar da kanta za ta faɗi inda ta ke jin ciwo. P0120 zuwa P0124 na sensan totur ne, P0171 iska ta fi mai yawa, P0300 inji na tuntuɓe, waɗanda suka fara daga P0700 su ne na giya. Lambar hanya kawai ta ke nunawa, sai an bi ta da mita.

Kada a ɗora wa kanikawa laifin duka. Da yawansu a kan kafireta da giyar hannu suka koyi sana'a, sun kuwa iya ta. Mai mota ma yana da nasa kason. Shi ne ke zuwa da tumatir a bayan mota yana cewa a yi maza. Shi ne kuma ba ya son biyan wanda ya yi awa guda yana bincike da mita, don bai ga baƙin mai a hannunsa ba, amma ya kirga kuɗin buhuna masu yawa da murna in ya ga an sauke ƙarfe mai nauyi a ƙasa. Muddin ladan kwancewa ya fi ladan ganowa, kwancewa za a yi ta yi.

Abin takaicin shi ne, wanda ya sa sabon giyabos ya bar tsohon sensa a wurinsa, da ya fita daga gareji fizgar nan za ta dawo. Canjin da a ke yi ba kan lokaci ba kuwa yana cin faifan giya a hankali, har na Kwatanon ma ya bi sawun na farko, ga damina ta matso, kuɗin taki kuma an bar su a gareji.