Zauren Asusu: Ina Yaranmu Suke Wasa?

A zaman zubi na satin da ya wuce, wata ƴar ƙungiyarmu ta makara. Da muka tambaye ta dalili, sai ta ce daga likita take, ɗanta ya taka tsohon ƙarfe a juji, har sai da aka yi masa ɗinki. Ranar, bayan mun rufe akwati, ba mu watse ba. Muka tambayi juna: mu da muke lissafin kowace dala, wa ya san inda ɗanta yake wasa tsakanin tashi daga lakwal da magariba? Amsar ba ta yi mana daɗi ba: bakin hanyar manyan motoci, juji, ko gindin garu cikin rana.

Wasu suka ce filin wasa aikin gwamnati ne da masu kuɗi, sai an kawo lilon ƙarfe daga Yamai. To, ƙarfe a ranar Anu Araren, a watan Mayu, wa zai iya ɗora hannu a kai? Mu tuna namu ƙuruciyar. Da yashi muka yi wasa, da yumɓu, da tsakuwar carafke, da igiyar kaba a reshen icce. Ko a ƙasar Danmak, tun 1943 aka buɗe wa yara wani fili a Kwapanhagan inda ba a kafa musu komai ba, aka ba su ƙasa da itace su gina abin da ransu ke so. Ashe abin da muke rainawa shi wasu suke nema.

Ga yadda muka tsara, ko wata ƙungiya za ta ɗauki abin da ya dace da ita.

Na farko, fili. Mu je wa mai unguwa, sannan ma'aikatar magajin garin Cirozerin, a ba mu takarda. Filin da ba shi da takarda, gobe wani zai zuba bulo.

Na biyu, inuwa. Kafin komai a kafa rumfar zana, a dasa bedi, wato dogon yaro, a tsakiya. Aduwa da magarya su tsaya a gefe su zama shinge, tunda suna da ƙaya, yara kuma su sha ƴaƴansu. Tumfafiya a tuge ta, nononta yana cutar da ido. Kowace mace ta ɗauki icce ɗaya, ta riƙa kai masa bidon ruwa.

Na uku, kayan wasa. Tudun yashi na gangarawa, kututturen goriba a kwance na koyon tafiya a kai, gurbin dara, wurin cuɗa yumɓu. A yi gajeren garun laka inda yara za su zana raƙumin dawa irin na dutsen Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, wanda aka sassaƙa tun dubban shekaru, tsawonsa ya fi mita 5. Su san cewa ƙasar nan tamu ta taɓa zama dausayi.

Na huɗu, kuma shi ne babba: daga ina yashin da duwatsun suka fito? Mu nan gawayin ƙasa ake haƙa, SONICHAR tana ba da wuta da shi. Amma a Arlit da Akokan yuraniyom ne, kuma ɓaraguzansa suna fitar da tururin da ido bai gani, hanci bai ji. A 2003 masu binciken CRIIRAD daga Faransa sun sami gurɓatattun ƙarafa a kasuwar Arlit. A 2009 kuma Greenpeace ta auna wasu titunan Akokan ta tarar da tururin ya ninka na ƙa'ida sosai, saboda duwatsun ma'adini da aka yi ciko da su. An rufe COMINAK a 2021, amma tulin ɓaraguzai bai tashi ba. Don haka dokarmu ɗaya ce: ba tsohon ƙarfe, ba ganga, ba toka, ba dutsen da ya fito wurin haƙa, ko kyauta aka ba mu. Yashi daga ƙorama mai nisa da ma'adini, kuma biyu daga cikinmu su bi amalanke su gani da idonsu. Ƴan uwanmu na Arlit da Akokan, ku nemi shawarar ƙungiyar Aghirin'man, sun daɗe a kan wannan aiki.

Kuɗi fa? Mun yarda kowa ta ƙara dala biyar a kan zubinta na sati, a rubuta shi a shafi dabam, kada a taɓa asusun agaji. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Haka Mata Masu Dubara suka faro a Maraɗi a 1991, da ƴan kuɗin cefane.

Shara kuma bi da bi ce. Kowace safiya mace ɗaya ta share, ta ɗaga duwatsu saboda kunama, ta tsince ƙaya da kashin awaki. Da yamma a sami babba ɗaya a gindin rumfa, tana saƙar tabarmarta tana sa ido.

A zamanku na gaba ku yi wa juna tambayar nan da muka yi, ku aiko mana da abin da kuka yanke. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya kare su. Sai fitowa ta gaba.